Babi na Shida: Kafin Ka Sayi Injin Ban Ruwa

Da zarar gero da dawa sun shiga rumbu a ƙasar Daura, hankalin mai lambu sai ya koma kan inji. Daminar nan gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ƙasar galibi jigawa ce, ba ta riƙe laima. Duk mai son tumatir ko albasa ko attarugu ko alkama da rani dole ya ɗaga ruwa da kansa, ko daga gefen dam ɗin Sabke, ko daga tafki, ko daga rijiyar da ya haƙa a fadama. Daga Sandamu zuwa Zango, daga Mai'adua zuwa Ɓaure, watannin Oktoba da Nuwamba lokacin cinikin inji ne, lokacin kuma da makanikai ke kwance tsofaffi suna wanke kafireto.

Kakanninmu jigo suka sani, mutum ya yini yana sunkuyawa yana miƙewa da guga domin ɗan fili kaɗan. A shekarun 1980 ne hukumomin raya aikin gona na jihohin Arewa, da tallafin Bankin Duniya, suka yaɗa ƙananan injinan fetur tare da ƙananan rijiyoyin burtsatse da ake haƙawa a fadama. Shirin Fadama na ƙasa, wanda ya fara a farkon shekarun 1990, ya ƙara bazu da su. Tun daga nan injin inci biyu da na inci uku suka zama kayan aikin lambu na yau da kullum.

Ka tsaya a shagon mai sayar da inji, a Daura ne ko Katsina ko Sabon Garin Kano, tambayoyi uku za ka yi ta ji. "Alhaji, inci nawa ne?" "Doki nawa ne?" "Na Japan ne ko na Chana?" Duk tambayoyi ne masu kyau, sai dai an fara su daga wutsiya. Ba a shago ake fara zaɓen inji ba, a bakin rijiya ake farawa, da igiya da duro da agogo.

A jikin kwalin kowane inji akwai lambobi uku da suka fi sunan kamfani muhimmanci: yawan ruwan da yake fitarwa a minti ɗaya, tsawon da yake iya tura ruwa sama, da zurfin da yake iya tsotsowa. Ɗauki Honda WB20XT mai inci biyu. Yana ba da wajen lita 600 a minti, yana tura ruwa har kusan mita 32. Yayansa WB30XT mai inci uku yana ba da wajen lita 1,100 a minti, amma turinsa bai kai na ƙaramin ba, mita ashirin da 'yan kai ne. Mutane da yawa ba sa yarda idan aka ce musu ƙaramin ya fi babban hawan tudu, amma haka kamfanin ya rubuta. Lamba ta uku kuwa iri ɗaya ce a wajensu duka biyun, mita 7 zuwa 8, wato kusan gaba huɗu a lissafin mahaƙan rijiya. Duba na Koshin, duba na Lifan, duba wanda ba ka taɓa jin sunansa ba, duk nan suka tsaya.

Ba rowar kamfani ba ce. Injin da ke zaune a saman ƙasa ba jawo ruwa yake yi da ƙarfinsa ba. Iskar da ke cikin tiyo yake zuƙewa, sai nauyin iskar sararin sama ya danna ruwan rijiya ya tura shi cikin tiyon, kamar yadda lemo ke hawa tsinke idan yaro ya zuƙa. Nauyin iskar nan kuwa yana da iyaka: ko a bakin teku, ko da injin da ba shi da aibi ko kaɗan, ruwa ba zai hau fiye da mita 10.3 ba. Masu aikin famfo a Italiya sun daɗe suna kuka da wannan iyaka, har Evangelista Torricelli, almajirin Galileo, ya bayyana dalilinta wajen shekarar 1643. Daura tana sama da bakin teku da ɗaruruwan mitoci, iskarta ta ɗan fi sauƙi, saboda haka wajen rabin mita ya sake tafiya. Ka cire abin da gogayyar ruwa da tiyo ke ci, ka cire ɗan yoyon iska a mahaɗa, sai ka ga inji yana aiki da daɗi ne kawai idan ruwa bai wuce mita 5 ko 6 ba. Doki goma ba zai canja wannan ba. Wanda ruwansa ke gaba biyar, ya sayi babban inji wai don ya jawo da ƙarfi, ya sayi ƙara da hayaƙi ne kawai.

A nan ne lokacin saye ke yaudarar mutane. A Nuwamba rijiya cike take, ruwan damina bai gama sauka ba, kowane inji gwani ne. Daga Fabrairu ruwa zai fara ja da baya, kafin Afrilu ya yi ƙasa sosai, daidai lokacin da tumatir ke tsananin buƙata. Ga kuma wani saukar na daban da ke faruwa yayin da inji ke aiki, domin ruwan da ke kewaye da bakin tiyo yana faɗawa ƙasa gwargwadon saurin tsotso. Awon da ya dace a tafi kasuwa da shi shi ne na bazara, inji na kan aiki. Wanda bai auna bara ba ya tambayi maƙwabcin lambunsa.

Duk wanda ya zauna a fadama da bazara ya san yadda abin ke faruwa. Inji na tafiya lafiya, sai muryarsa ta canja, ta yi sama ta zama siririya. Tiyon da ya yi tauri da ruwa ya saki jiki, bakinsa ya fara tofar da kumfa. Mai lambu ya jefar da fartanya ya sheƙo ya kashe, ya kwance murfin sama, ya ƙwala wa ɗansa kira, "Kai, kawo bokiti!" A cika tukunyar inji da ruwa, a ɗaure, a ja igiya, ya toshe bakin fita da tafin hannu yana jiran ya ji sanyi. Ruwa ya zo, bayan minti goma ya sake ɗaukewa. Da yamma sai ka ga an yanko tsohon tub na babur ana nannaɗe mahaɗar tiyo, ana zargin yoyo. Wani lokaci yoyon ne. Sau da yawa kuwa injin ne ya fi ƙarfin rijiyar, yana kwashe ruwa fiye da yadda ƙasa ke tsattsafo shi. Kuma duk sa'ad da ya juya babu ruwa a ciki, sil ɗin da ke tsakanin inji da fanka yana ƙonewa, domin ruwan ne ke sanyaya shi.

Gwajin ba shi da wuya. Ari injin maƙwabci, ka bar shi ya yi aiki na awa guda, sannan ka sa bakin tiyo a duro mai cin lita 200 ka duba agogon waya. Idan ya cika cikin daƙiƙa 30, kana samun lita 400 a minti. Idan sai da ya kai daƙiƙa 45, ba ka kai lita 270 ba. Rijiyar da iyakarta ke nan ba ta da abin da za ta ba injin inci uku. Wasu kan haɗa rijiya biyu da bututu ɗaya domin su ciyar da babban inji, kuma dabara ce mai kyau idan rijiyoyin ba su kusanci juna sosai ba. Wasu kuma kan haƙa rami su sauke injin ƙasa da gaba guda don ya kusanci ruwa. Wannan ma yana aiki, amma hayaƙin fetur yana taruwa a rami, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Kada yaro ya sauka ramin inji na kunne, ko an kashe a jira iska ta ratsa.

To idan ruwa a buɗe yake, kamar gefen dam ko tafki, inda ba a tsoron ƙarewarsa fa? Nan lissafi ya juya, babban inji ya fi araha wajen aiki. Milimita ɗaya na ruwa a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne, duro 50 ke nan. Da zafin bazara shuka kan sha wajen milimita 7 a yini, lita 70,000. Ƙara abin da yashi ke shanyewa a lambatu kafin ruwa ya isa fangali, mu ƙaddara lita 100,000. Lambar da ke jikin kwali ta ranar da babu tudu babu dogon tiyo ce, saboda haka mu ce mai inci uku yana ba da lita 700 a gona, mai inci biyu 400. Na farko zai gama cikin ƙasa da awa biyu da rabi, na biyu sai ya haura awa huɗu. Injin GX160 da ke kan babban yana shan wajen lita 1.4 na fetur a awa idan an taka shi sosai, GX120 na ƙaramin wajen lita ɗaya. Babban ya sha lita uku da ɗan kai, ƙaramin ya sha huɗu da ɗan kai. Ratar kusan lita guda ce a yini, kuma lambu na kwana casa'in ana ba shi ruwa.

Da can ba wanda ke wannan lissafi. Ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mutanen bakin iyaka ma sun riga kowa ɗanɗanawa, domin a Nuwamban 2019 Hukumar Kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya jefa masu lambun wajejen Kongolam hannun 'yan bumburutu. Yau injin da ya fi wani sauƙin kuɗi a shago, amma ya fi shi shan mai da rabin lita a awa, kafin rani ɗaya ya fita ya cinye ribar da aka yi murna da ita.

Akwai wata asara da ba a lura da ita, ta tiyo. Bakin inci uku ya ninka na inci biyu sau biyu da kwata a faɗi. Mutum ya sayi babban inji, kuɗi ya ƙare, sai ya sa masa ragi ya jona tsohon tiyonsa na inci biyu mai tsawon mita ɗari. Man babban inji yake ƙonawa, ruwan da bai fi na ƙarami da yawa ba yake samu. Kuɗin tiyo yana cikin kuɗin inji, a haɗa su tun a gida. Na tsotso ya zama mai ƙarfin da ba ya lotsewa, gajere gwargwadon iko, da rariya a bakinsa, kuma kada bakin ya kwanta cikin yashi.

Sai maganar doki. Injin GX160 mai cc 163 an daɗe ana kiransa "biyar da rabi", amma Honda da kanta yanzu 4.8 take rubutawa. Kamfanonin Chana sun kwaikwayi wannan inji suna kiransa 168F, wani mai cc 196 kuma suna rubuta masa 6.5 ko 7, wasu ma abin da suka ga dama. Takardar manne ba ta da tsada. Girman inji a cc ya fi lambar doki faɗin gaskiya.

Na Japan ko na Chana? Sayen nagari mayar da kuɗi gida, ba musu. Honda ta asali, idan ana canja mata baƙin mai kan kari, takan yi shekaru ba a buɗe cikinta ba. Tsofaffin masu lambu har yanzu suna yabon Robin, kuma sun yi gaskiya, sai dai kamfanin Subaru mai ita ya daina ƙera waɗannan injina tun 2017, don haka wanda aka nuna wa sabuwa fil a kwali ya yi tambaya da kyau. Amma a ganina ba a yi wa na Chana adalci. Tunda kusan duk kwaikwayon inji ɗaya ne, kafireto da ring da fulogi da igiyar tayarwa na wannan suna shiga wancan, kowane makanikin janareto a ƙauye ya san cikinsa, kayan gyaransa kuma ba sai an je Ƙofar Ruwa a Kano ba. Albasa ba ta jiran a yi odar kaya. Injin da zai lalace sau biyu a rani a gyara shi kafin azahar ya fi wanda zai lalace sau ɗaya ya kwana goma a kwance.

Wanda nake ƙi shi ne na ukunsu, na Chana da aka yi wa jan fenti aka manna masa sunan Honda, ana sayar da shi tsakanin farashin biyun. Kamfanin da ya sa sunansa a kan kayansa, ko Lifan ne ko Loncin, yana da abin da zai kare. Mai satar suna ba shi da shi. Ta asali tana da lambar inji da aka buga a jikin ƙarfen kansa, ba a takarda ba, zubin ƙarfenta sumul yake, kuma tana da nauyi: mai inci biyu wajen kilo 20, mai inci uku ta haura 25. Ɗaga ka ji. Idan mai shago ya ce, "Malam, wallahi duk ɗaya ne," ka ce masa, "To Alhaji, rubuta mini haka a rasit, da lambar injin." Daga yadda zai karɓi maganar za ka san abin da ke cikin kwalin.

Ƙananan abubuwa kaɗan ne ke raba inji mai kwana da mai mutuwa da wuri a ƙasarmu, kuma duk yashi da ƙura ne sanadi. Leƙa ta bakin tukunya ka ga fankar da ke juya ruwa. Ta baƙin ƙarfe ta fi jure yashi, ta alminiyam ko roba kuwa ruwan rijiyar jigawa yana cinye ta a hankali, ruwa ya yi ta raguwa mai shi yana zargin inji. Buɗe matatar iska ka duba, domin ƙurar hunturu da ta wuce ta kai tsaye cikin silinda take shiga, kuma soso mai kauri da ake wankewa a shafa masa mai ya fi siririn da ake hango rana ta cikinsa. Tambayi ko yana da na'urar da ke kashe shi idan baƙin mai ya yi ƙasa. Makanikai da yawa kan cire wayarta idan ta dame su da kashe inji, alhali sau da yawa laifin na wurin ne, an ajiye injin a karkace. A gyara masa zama, a bar wayar. Baƙin man da yake ci bai wuce lita 0.6 ba, ana zubar da na farko bayan awa 20, sauran kuma duk awa 100, ko ƙasa da haka idan ƙura ta yi yawa.

Tun bayan tashin fetur masu lambu da yawa sun sauya kafireto sun koma tukunyar gas ɗin girki. Lissafinsa gajere ne: ƙarfin da ke cikin kilo ɗaya na gas ya kai na fetur wajen lita 1.4. Idan kuɗin kilo bai kai kuɗin lita 1.4 ba, akwai sauƙi, in ya wuce babu. Ƙarfin inji yana ɗan raguwa, kuma tukunya tana son inuwa, a tsaye, nesa da salansa. Injin dizal kuwa na mai babbar gona ne da ba ya ɗauke injinsa kullum. Mai ɗora nasa a bayan babur ya kai gida da magariba don tsoron ɓarayi ba zai so shi ba.

Sola ce ta canja tambayar gaba ɗaya, musamman ga wanda ruwansa ya wuce gaba huɗu. Injin da ake zurawa cikin rijiya turo ruwa yake yi daga ƙasa, don haka iyakar nan ta tsotso ba ta shafe shi ba, kuma ba ya shan ko ɗigon mai. Halinsa dai daban ne. Na fetur yana kwararo ruwa da yawa cikin ɗan lokaci, na sola yana ba da kaɗan kaɗan tun hantsi har la'asar. Mai kwatan hekta da ke buƙatar lita 25,000 a yini, lita 70 a minti ta ishe shi idan rana ta ba da awa shida masu kyau, kuma wannan sanyin hali ya dace da rijiya mai rauni. Matsalar a lambatu take. Siririn ruwa a kan yashi ba ya isa fangalin ƙarshe, a hanya yake nutsewa. Dole a kai tiyo har bakin fangali, ko a gina wurin tara ruwa a saki gaba ɗaya, kuma wannan kuɗi ne da mai sayarwa ba ya ambata. Hazon Disamba da Janairu yana rage ƙarfin farantin sola, ƙurar da ke kwanciya a kansa ma haka, sai ana gogewa da safe. Ƙarfin farantan ya ɗara na injin da aƙalla kashi ɗaya cikin uku, akwatin sarrafa wutar kuma ya zama mai kashe inji idan ruwa ya ɗauke. A auna faɗin bututun rijiya kafin a saya, domin an sha kawo inji daga Kano ya ƙi shiga rami.

Ga mai kwatan hekta ko rabi da ƙaramar burtsatse a fadama, inci biyu zan ce ya saya, ya sa ragowar kuɗin a tiyo mai kyau. Mai hekta ko fiye a bakin buɗaɗɗen ruwa ya ɗauki inci uku da tiyonsa. Wanda ruwansa ya yi zurfi kada ya ɓata kuɗinsa a kan ɗayansu, ya tara na sola, ko su haɗa hannu da maƙwabci su sayi ɗaya.

Saura masu rabon injina da sunan tallafi, gwamnati ce ko ɗan siyasa ko ƙungiya. An saba sayo iri ɗaya, girma ɗaya, a jera a fili a ɗauki hoto, a ba mai lambun gefen dam da mai rijiyar gaba shida abu guda. Wanda injin bai dace da rijiyarsa ba bai yi laifi ba idan aka gan shi da shi a kasuwar Mai'adua ranar Lahadi. Don Allah, kafin a ba da kwangilar sayowa, a tura malaman gona su zagaya lambunan da igiya da duro a watan Afrilu, su rubuta zurfin kowace rijiya da abin da take bayarwa.